Audugar Sini ce guba, ko abin da ke cikin jarka?

Ɗan Mai Wurno: Salamu alaikum jama'a. Ranar Juma'a bayan an sauko muna so mu karanta takarda a ƙofar masallaci, mutane su bar shuka audugar Sini, su bar feshin guba. Hujjarmu ɗaya ce: tun da irin nan da aka taɓa wa halitta ya shigo a 2012, ciwon ƙoda ya yi yawa a Jazira, yankin noman auduga na nan Sudan, awaki kuma na cin ambaz ɗinsa, wato tunkuzar anguryarsa, suna mutuwa. Mai gyara ya kawo kafin mu buga.

Injiniya ta Madani: Wa alaikumus salam. Ƙanena, gyarana babba ne, ka zuba abu biyu a ƙwarya ɗaya. Sini 1 daga ƙasar Sin aka kawo shi, an sa masa ƙwayar gado daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa da ake kira Bt. Furotin ɗin da yake fitarwa a hanjin tsutsar da ke huda ƙwallon auduga yake aiki, hanjin akuya da na mutum ba su da inda zai kama. Masu wankin ƙoda kuwa na gan su a layi a Madani, babban birnin Jazira, tun ina ɗaliba, kafin kowa ya ji sunan Sini.

Ɗan Mai Wurno: To Yaya, awakin maƙwabcinmu uku aljani ne ya kashe su?

Injiniya ta Madani: Ka tambaye shi inda suka yi kiwo ranar, da kwana nawa aka yi da fesa gonar. Ka kuma duba ko ambaz ɗin ya yi fumfuna.

Baffa Mai Hawasha: Yaro, zauna ka ji. Na noma tsohon irin audugar nan Barakat tun zamanin Shugaba Numairi. Ƙarshen shekarun 1970 jirgi yakan bi ta kanmu sau takwas, sau tara a shekara, yana zubo magani kamar yayyafi, mu da jakunanmu da tur'ar da muke sha, wato magudanar ban-ruwa. Me ya biyo baya? Maganin ya kashe ƙwarin da ke cin farin ƙuda, shi kuwa farin ƙudan ya saba da shi, ya hayayyafa. Asala, wato danƙon da farin ƙudan ke fitarwa, ta lulluɓe auduga, ka damƙa ta manne maka a hannu kamar an zuba mata maɗi, injin gurza ya riƙa cijewa, masu saye daga waje suka karya mana farashi. Da na koma Sini feshina ya sauko zuwa biyu, wata shekarar uku, don irin ba ruwansa da farin ƙuda da sauran masu tsotsa. Yanzu kai ka ce in bar shi, in kuma bar feshi. Tsutsar in yi mata wa'azi ne?

Inna ta Sinnar: Alhaji, ku maza kuna lissafin ƙintari, awon auduga, mu ne a cikin gonar. Shekara ashirin ina tsinkar auduga da goyo. Jirgi ya wuce, kwana biyu a ce mu shiga, ido na ruwa, kai na sara, yamma ta yi ka ga kifi ya juya ciki a tur'a yara suna kwasa. Jarkar maganin kuma ba a yar da ita, a ɗauraye da toka a zuba ruwan sha ko mai. Ku shiga kasuwa yau, za ku ga ana tsiyaya shi a kwalbar lemo ana sayarwa ba suna ba takarda. Ku je garin Hasahisa ku tambaya game da maganin da ya lalace aka binne a ƙasa a shekarun 1980. Ɗana, in takardarka a kan wannan take, da ni za a karanta ta.

Ɗan Mai Wurno: Inna, na ji. Amma in irin alheri ne, me ya sa Burkina Faso ta watsar da shi a 2016?

Injiniya ta Madani: Yauwa, yanzu ka zo inda ake magana. Sun bar shi ne don zaren ya gajarce, darajar audugarsu ta faɗi a kasuwa, ba don wani ya kwanta ciwo ba. A Indiya kuma jar tsutsa ta saba da Bt wajen 2015, feshi ya dawo. Mu ma zai iya samunmu tunda ba mai barin layukan audugar gargajiya a gefen gona yadda aka ce a yi don kada tsutsar ta saba. Ga kuma irin Hindi da aka amince da shi a 2015, haɗe ne, ba a ajiye anguryarsa a sake shukawa, kowace shekara sai ka buɗe lalita. Ka rubuta waɗannan in sa hannu. Batun ƙoda ne ba zan sa ba.

Baƙon Jidda: Mu da wake ke zo mana daga gida a jakar 'yan umra mun san wannan rigima. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda fiya-fiyar da ake zuba masa a buhu. A 2019 cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fito da wake mai Bt, SAMPEA 20-T. Sai dai tsutsar gona yake karewa, ƙwaron rumbu na nan, ɗan kasuwa ma na nan da kwalbarsa.

Baffa Mai Hawasha: Abin da ke hana ni barci daban ne. Tun da Madani ta faɗi a yaƙi a Disamban 2023 aka wawashe tashar binciken noma, irin da ke yawo a kasuwa wa ya gwada shi? Bara na sayi buhu an ce Sini ne, tsutsa ta cinye rabin hawashar, wato gonar tawa.

Ɗan Mai Wurno: To. Zan raba takardar biyu, guba ranar Juma'ar nan, iri mu sake zama. Amma Yaya, ban sauka daga batun awakin ba.

Inna ta Sinnar: Ka riƙe awakinka. Ka dai ce kowa ya fito da jarkarsa ƙofar gida, a huda gindinta kafin a kwashe, in ba haka ba gobe za ka same ta a kan jakin mai ruwa. Wa ke da kurar kwasar kaya?