Neman shawara: ɗan shekara 14 ya ce ba ya jin kansa namiji

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗan yayata ne, shekararsa 14, suna zaune a Ingila. Kusan shekara guda ke nan yana cewa shi mace yake jin kansa, ya tsani yadda muryarsa ke buɗewa, ko abinci ya daina ci cikin mutane. Wasu sun ce a bi shi a kan maganarsa, wasu sun ce a kai shi inda za a cire masa tunanin. Me likitoci suka tsaya a kai?

Likitar ƙwaƙwalwa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin komai, uwarsa ta zaunar da shi ta tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ko yi wa kansa rauni. Tambayar ba ta cusa tunanin. In ya ce e, asibiti a ranar. In ya ce a'a, a kai shi wajen likitan iyali, a nemi turawa sashen lafiyar ƙwaƙwalwar yara. A duba barci, cin abinci, baƙin ciki mai tsanani, tsangwama a makaranta, cin zarafi, da otizim (yanayin ƙwaƙwalwa da ke shafar mu'amala da mutane), domin sau da yawa tare suke zuwa. Ƙa'idar DSM-5 ta 2013, littafin da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi wajen gane cuta, tana so damuwar da yaro ke ji game da jinsinsa ta kai wata 6 kafin a tabbatar da ita. Kuma wannan daban yake da mata-maza, wanda lamarin halittar jiki ne da ake ganowa ta duba jiki da gwaje-gwaje irin na jini.

Masanin halayyar ɗan'adam: Inda masana suka rabu shi ne batun magani. Tsarin da aka fara a ƙasar Holan yana ba da allurar dakatar da balaga daga wajen shekara 12, sinadarin jinsi (mai sauya siffar jiki zuwa ta mace ko ta namiji) a 16. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2018 tana goyon bayan a tabbatar wa yaro abin da yake ji. Finlan a 2020 da Suwidin a 2022 suka ja baya, suka sa zaman tattaunawa a gaba. A Ingila rahoton Dakta Hilary Cass na 2024 ya ce hujjar amfanin allurar ba ta da ƙarfi, kuma ana tsoron illarta ga ƙashi, a shekarar ce kuma aka rufe sashen kula da matsalar jinsin yara na cibiyar Tavistock da ke Landan. Don haka abin da zai samu can zama ne da ƙwararre, wanda ba ya tura shi gabas ko yamma.

Likitar ƙwaƙwalwa: Haka ne Malam, sai dai ita ma hanyar tattaunawar bincikenta bai yi yawa ba, kuma wasu ƙungiyoyin likitoci sun soki rahoton. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne tilasta wa yaro ya sauya yana cutarwa. Kanada da Faransa sun haramta shi a 2022. Bugu, gori ko barazanar mayar da shi gida suna sa ya yi gum, ya koma sayen ƙwayoyin sinadarin jinsi a intanet ba tare da gwajin jini ba. Layin jiran ganin ƙwararren yana da tsawo, saboda haka kada a jira shi kafin a fara maganin baƙin cikin.