Neman shawara: muna son tsayar da mace takarar konseye a Tawa

Maman Nafisa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyarmu ta adashe a nan Tawa, Nijar, ta yanke shawarar duk ranar da aka koma zaɓe, za mu tsayar da ɗaya daga cikinmu takarar konseye, wato ɗan majalisar ƙaramar hukuma. Na san an rushe majalisun ƙananan hukumomi a 2024, jam'iyyu kuma a 2025, amma ba mu son lokaci ya zo mu fara kame-kame. Me ke kayar da mata a wannan harka, kuma ta ina za mu fara?

Malam Sani: Wa alaikumus salam Hajiya. Ku fara da takardu, don nan ake zubar da mata tun kafin a buga ganga. A zaɓukan baya ana neman takardar haihuwa, ko ta kotu mai maye gurbinta, da takardar zama ɗan ƙasa, da kasiye (takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum), da katin zaɓe. Ta zama ɗan ƙasa ba ta fita sai da ta haihuwa, saboda haka da ita za a fara. Kasiye kuwa wata 3 ne ransa, kada ku cire shi sai an buɗe karɓar takardu. Ku duba rubutun suna harafi-harafi. In wata takarda ta ce Hadiza wata ta ce Hadizatu, ko shekarar haihuwa ta saɓa, a gyara a kotu tun yanzu. Ku shirya mata biyu, domin kowane ɗan takara yana tafiya da mai maye masa gurbi, shi ma da cikakkun takardunsa.

Anti Zainabu: Gaskiya ne Malam, amma wurin da ake cin amanar ya wuce nan. Dokar kaso ta 2000 ta ba mata kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Ta yi aiki: majalisar dokoki ta 1999 mace ɗaya ce cikin depite ('yan majalisa) 83, ta 2004 kuwa 14 cikin 113. Sai dai ku yi lissafi. Jerin sunaye ake zaɓa, ba mutum ɗaya ba. Jam'iyyar da ta ci kujera 8 a gari, biyu na mata ne. Wadda ta ci ɗaya ko biyu fa? Da wuya mace ta gan su. Shi ya sa za ka ga an cika jeri da sunayen mata don a cika sharaɗi, ko a jera su duk a masu maye gurbi, ranar rabon kujeru kuma a ɗauko matar wani babba ko ƙanwarsa.

Maganinsa, in jam'iyyu sun dawo, 'yar takararku ta shiga babban biron jam'iyya na gari, inda ake rubuta jerin. Reshen mata aikinsa ya fi ƙarewa a anko, guɗa da dafa abincin taro. Kuma duk alkawarin da aka yi muku na matsayi a jeri, ya zama a rubuce da sa hannu, gaban shaidu.

Alhaji Mamman: Ni ina ganin gida ne farko. In maigida bai amince ba, ko surukai na gunaguni, zancen ya mutu. A tura wanda yake jin nauyinsa tun da wuri, a gai da mai unguwa da liman kafin su ji a bakin wasu. Taron jam'iyya yawanci bayan isha ake yi, kuma da shi ake jifan mace da maganar banza. Ta riƙa zuwa da rakiya, ku kuma nemi a maido taro bayan la'asar.

Anti Zainabu: Alhaji, amincewar maigida ba ta sa suna a jeri. Ƙuri'a ke sawa. A Adar, yankinmu na Tawa, maza da yawa na tafiya ci-rani, mata ne ke gida ranar zaɓe. Ku ɗauki littafi, ku bi gida-gida ku rubuta wa ke da kati, wa ba ta da shi, da rumfar da kowa ke jefa ƙuri'a. Da wannan littafin ake ciniki da shugabannin jam'iyya.

Malam Sani: Sai kuɗi. Ku buɗe asusu daban, kada ku taɓa na adashe, don in aka faɗi ƙungiyar ce za ta watse. Atamfa da sukari ba za ku iya gasa da 'yan kasuwa a kansu ba. Ku kashe a kan kuɗin kabu-kabu na kai tsofaffi da masu goyo rumfa, da abincin wakilanku. Wakili biyu a kowace rumfa, masu iya karatu, kada su tashi sai an ƙirga an ba su kofin takardar sakamako.

Maman Nafisa: Na gode ƙwarai. Wadda muke so ba ta wuce firamare ba, hakan zai hana ta?

Malam Sani: Sharaɗin BEPC, takardar kammala ƙaramar sakandare, na tsarin mulkin 2010 da aka dakatar a 2023, jerin 'yan takarar depite ya shafa: kashi 75 cikin 100 nasu aka ce su kasance da ita. Ku jira sabuwar dokar zaɓe ku karanta abin da za ta ce kan konseye. Kafin nan ta shiga ajin yaƙi da jahilci na Faransanci, don kasafin kuɗin gari da shi ake rubutawa.