Yaya ake gane kyakkyawan zanen tsauni da tafki?

Ɗan Jidda:
Assalamu alaikum. Ina son sayen zanen tsaunukan Abha, birnin da ke kudu maso yammacin Saudiyya, da tafkin madatsar ruwan garin domin in rataya a falo, amma an nuna mini guda biyu masu kama da juna, farashin ɗaya ya fi na ɗayan nesa ba kusa ba. Don Allah, me ya kamata in duba?

Malamin Zane, Makka:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara da nisa. Tsaunin da ke kusa yakan fito da launi mai ƙarfi, har a ga duwatsunsa da itatuwansa, na bayansa kuwa yana dusashewa yana komawa shuɗi-shuɗi, saboda iska da ƙurar da ke tsakani. Idan mai zane ya ba kowane tsauni ƙarfin launi ɗaya, ido ba zai sami hanyar shiga ba. A Asir, yankin da Abha take, abin ya fi fitowa, domin tsaunin Jabal Sauda ya kai kusan mita 3,000, hazo kuma yakan taso daga gangaren Tihama, wato ɓangaren da ke fuskantar Bahar Maliya, ya yanke tsauni gida biyu, kuma gwani kaɗai ke iya zana hazon nan ba tare da ya zama farin fenti kawai ba.

Sannan ka dubi ruwan. Tafki launin sama da na tsauni yake ɗauka, amma yakan ɗan fi sama duhu, kuma hoton tsaunin yana kakkaryewa duk inda iska ta taɓa ruwan.

Hajiya a Abha:
Malam ya yi bayani mai kyau, sai dai ni abin da ya fi damuna shi ne gaskiyar wurin. Ɗana, ana sayar da zane da sunan Abha alhali an sa wa tsaunukan ƙanƙara fari fat kamar na Suwizalan. Namu itatuwan arar ne da gonaki hawa-hawa. Idan ka samu dama, ka zo ƙauyen masu zane na Muftaha, wanda aka kafa a 1989 lokacin da Yarima Khalid al-Faisal, shi ma mai zane, yake gwamnan Asir. Hoton waya yana ɓoye sawun buroshi, dole sai ka tsaya gaban zanen da kanka.

Ɗan Jidda:
Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya. Mai tsadar ne yake da hazo da gonakin, amma ruwansa kore-kore ne. Shin hakan aibi ne?

Malamin Zane, Makka:
Ba aibi ba ne, muddin gangaren da ke bakin ruwan ma kore ne.