Yaya ake fito da babban zomo daga keji ba tare da ya yi harbi ba?

Jama'a, ina neman shawara. Na ba da sunana don aikin sa kai a gasar baje kolin zomaye. Aikina shi ne in ɗauko zomo daga kejinsa, in kai teburin alƙali, in tabbatar lambar kunnensa ta dace da takarda, sannan in mayar da shi.

Ƙananan ba su ba ni wahala. Manyan ne matsalar, musamman nau'in zomon da ake kira Flemish Giant da ke haura kilo 6. Na san ba a ɗaga zomo ta kunne. Hannu ɗaya nake sawa a ƙirji, ɗayan ya tallafi ƙugu. Amma ƙofar kejin matsattsiya ce. Da zarar ƙafafun bayansa sun bar ƙasa sai ya hau harbi. Jiya wajen gwaji wani ya karce ni har gwiwar hannu. Karcen bai dame ni ba, tsorona kashin bayansa, don mummunan harbi na iya karya shi, kuma amanar wani ce a hannuna.

Wajen mayarwa nakan fara shigar da bayansa, hakan ya yi aiki. Fitowar ce ta gagare ni. Da kai zan fito da shi ko da baya? Don Allah waɗanda suka taɓa yi su taimaka, gasar saura kwana 5.