Fisiyo na nema, aka ba ni kwas ɗin motsa jiki: in karɓa ko in sake JAMB?

Assalamu alaikum. Admin, don Allah a sakaya sunana. Ni ɗan Gombe ne, shekara biyu ke nan ina neman fisiyo, wato gashin ƙashi, makina bai kai ba. Bana sai aka ba ni gurbi a kimiyyar motsa jiki da ilimin lafiya, wanda aka fi sani da PHE. Da na gaya wa Baba, cewa ya yi ba zai yi shekara huɗu yana biyan kuɗi a koya min guje-guje da tsalle-tsalle ba, in wannan ne in tafi filin wasa na Pantami, kyauta ne. Wani abokina kuma ya ce in karɓa, ai da shi da fisiyo Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, in na gama asibiti zan yi aiki. Kaina ya kulle. Wanda ya san kan abin ya taimaka min.

Malamin sakandare, Bauchi: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwas ɗin na karanta a ABU Zariya, kuma maganar Baba ba baƙuwa ba ce a kunnena, nawa mahaifin ma haka ya ce, Allah ya jiƙansa. Ana fita fili, ba ƙarya ba, za ka yi gudu da ƙwallo da sauran wasanni ana ba ka maki a kai. Amma rabin wahalar a aji take. Akwai anatomi, inda za ka san ƙasusuwa 206 na jikin baligi da tsokar da ke jan kowace gaɓa. Akwai fisiyoloji, abin da ke faruwa da zuciya da huhu da sukarin jini idan mutum yana gudu. Akwai darasin da ake sa lissafi da fiziks a kan tsalle da jifa, wanda ya fi kayar da waɗanda suka shigo da tunanin wasa suka zo yi. Ga taimakon gaggawa, da halayyar 'yan wasa, da shugabancin wasanni. Abu ɗaya ka riƙe: a ABU da BUK kwas ɗin yana ƙarƙashin tsangayar ilimi ne, za ka fita koyarwar gwaji, ka yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai. Asalinsa malami ake horarwa. In ba ka ƙaunar alli ko kaɗan, ka yi tunani da kyau.

Likitan fisiyo, Gombe: Abokinka bai san abin da yake faɗa ba. Ba ɗaya ba ne. Fisiyo aƙalla shekara biyar ne, sai horon shekara ɗaya a asibiti, sai lasisi daga MRTB, hukumar da ke yi wa likitocin fisiyo rajista. Da digirin PHE ba za a ba ka wannan lasisin ba, kuma ba ka da hurumin duba mai shanyewar ɓarin jiki ko wanda aka yi wa aiki a ƙashi. Kada kuma ka shiga da niyyar canja kwas a aji biyu, daga ilimi zuwa ɓangaren lafiya abu ne mai wuyar gaske. In asibiti ne burinka, ka sake zama JAMB.

Wani ɗan uwa: Malam karɓa kawai, da babu gara ba daɗi. Shekara ta uku a gida ba wasa ba ce.

Mai wurin motsa jikin mata, Bauchi: Ɗana, ni ma shi na karanta, daga NCE na shiga aji biyu. Hawan jini da ciwon suga sun yi yawa a gidajenmu, likita ya ce wa mutum ya riƙa motsa jiki, ya dawo gida bai san ta inda zai fara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, to wa zai tsara wa Hajiya mai ciwon gwiwa wannan ba tare da ta ji rauni ba? A nan nake cin abincina. Sai dai ba gwamnati ce ta ba ni ba, da ɗaki ɗaya na fara.

Koci: Ƙarin bayani, digirin kaɗai ba ya sa ƙungiyoyin ƙwallo irin su Wikki Tourists ko Gombe United su kira ka. Sai ka haɗa da takardar horarwa, irin ta Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, kuma tun kana ɗalibi ka liƙe wa wata ƙungiyar unguwa kana koyon aiki.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gaskiya koyarwa ba ta dame ni ba, yanzu haka ina koya wa yara a Islamiyya. Baba ne dai matsalar.

Malamin sakandare, Bauchi: To kada ka tsaya musu da shi. Ka samo jerin darussan sashen a takarda, ka kai wa kawunka ko wani aminin Baba da yake jin maganarsa, shi ya je masa da ita. Ka kuma duba ranar da za a rufe rajista kafin ka fara wannan zirga-zirgar.