Yadda za a rage gurɓatar ruwa daga gonaki da kuɗi kaɗan

An yi wata tattaunawa kan yadda za a rage gurɓatar ruwa daga gonaki da kuɗi kaɗan. Ta ta'allaƙa ne kan mashigin tekun Chesapeake a Amurka, inda a 2010 gwamnati ta ƙayyade yawan naitirojin da fosforas (sinadaran da ke cikin taki) da laka masu shiga ruwa. Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada a raba wa manoma tallafin rage gurɓatar daidai wa daida. A sa manhaja irin SWAT, mai nazarin ƙasa da ruwa, ta lissafa gangara da irin ƙasa da ruwan sama, ta fito da gonakin da takinsu ya fi kwarara rafi, a fara da su. Barin ciyawa a bakin ruwa da shingen hana shanu shiga rafi ba su da tsada. Na fi gamsuwa da masu cewa a riƙa ɗibar ruwan ana aunawa, a gyara lissafin kwamfutar da sakamakon.