Da ruwan ciki ake jan na rijiya: wa zai zuba na cikin?

Malama, Rigasa: Jama'a, ina son mu duba maganar nan: "Da ruwan ciki ake jan na rijiya." Aji biyu nake koyarwa a firamare. Kafin ƙarfe goma rabin yarana sun kifa kai a benci. In ka tambaya sai a ce ba a ɗora tukunya ba, ko kokon safe babu. Ni haka na fahimce ta: yaron da cikinsa ke kuka ba zai jawo karatu ba.

Baban Ummi, Kawo: Malama, ai asalinta maganar jari ce, sai kana da ɗan abu a hannu kake nemo wani. Ko mu bi fassararki, wa ke zuba ruwan cikin? Uba ne. Addini ya ɗora masa ciyarwa, ba gwamna ba.

Maman Sadiq, Tudun Wada: Baban Ummi, mijina tun asuba yake fita da keke Napep. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, abin da ya samo rabinsa a gidan mai yake ƙarewa. Bai gudu ba, bai kwanta ba. Ɗa na kowa ne, ko mun manta?

Baban Ummi: Ban ce da irinsa nake ba, Hajiya. Da masu fakewa da "bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci" nake, su bar yaro ya fita da ƙoƙo. Maganar tawakkali ce aka mai da ita ta lalaci. An ce ka ɗaure raƙuminka tukuna.

Malama: Wannan na yarda. Amma ina aji lokacin da gwamnatin El-Rufai a Jihar Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a Janairun 2016. Yaran da ke talla a Kasuwar Bacci sai ga su da littafi. Ranar ƙwai kuwa ba a fashi. Na tarayya a zamanin Buhari naira 70 ne kan kowane yaro, aji ɗaya zuwa uku, kuma masu dafawar matan unguwa ne, su ma sun samu abin yi.

Kawu, Badarawa: 'Yata, ki faɗa duka. Wasu na cinyewa suke tsallake katanga. Yara sun yi wa azuzuwa yawa, malamai ba su ƙaru ba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Malama: Gaskiya ne Kawu, na gani da idona. Sai a ƙaro mai, ba a zubar da dambun ba. Cikin waɗanda suka zo don shinkafa da wake akwai yarinyar da ta zauna, yanzu tana sakandare. Gobe ma zan shiga aji da ƙuliƙuli da gari a jaka, amma albashina ba zai kai wa yara tamanin ba.